Kunyar 'Yar Fari a Gaban Alƙali

Ku gyara zama, ga wani labari nan tafe, amma ku sani farkonsa kawai zan kawo muku. Ƙarshensa yana hannunku.

A wani ƙauye da ake kira Kwarin Tsamiya an yi wata mata mai suna Barira. Mace ce mai kawaici, irin wadda ko a gidan biki sai an neme ta kafin a san ta zo. Iyayenta sun rasu tun tana budurwa. Ta auri wani manomi, Lawwali, suka zauna a babban gidansu na gandu, tare da 'yan'uwansa da matansu. Allah ya ba su 'ya mace guda, aka sa mata sunan mahaifiyar Lawwali, wato Safara'u. To kun ga kunya ta zama biyu a wuyan Barira: ga ta 'yar fari, ga kuma sunan suruka. Mutanen gida suna kiran yarinyar Ummi, amma ko wannan bai taɓa fita daga bakin Barira ba. In za ta aike ta, sai ta ce, "Ke, zo nan." In baƙi suka tambayi 'yar wa ce, sai ta dubi bango ta ce, "Ta gidan ce." A cikin ɗaki ita ke yi mata wanka, ita ke ɓoye mata ƙanzo mai daɗi, ita ke rasa sukuni in zazzaɓi ya kama ta. A tsakar gida kuwa ko kallonta ba ta yi. Tsofaffin gidan suna yaba mata, suna cewa wannan yarinya ta samu tarbiyya.

Ummi tana gab da shiga makaranta sai Lawwali ya kwanta ciwo, bai tashi ba. Barira ta yi takaba ta gama. Ranar da ta fita, wan mijinta ya zo daga birni, Alhaji Sabi'u, mai fataucin hatsi. Ba mugun mutum ba ne. 'Ya'yansa duk maza ne, kuma a ganinsa riƙon marainiyar ƙanensa nauyi ne da ya hau kansa. Ya tara manyan gida a tsakar gida, ya sa aka kira Barira. Ta durƙusa daga nesa, ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta.

Ya ce, "Zan tafi da Ummi in sa ta makaranta. Ko kina da magana?"

Magana kam tana da ita, har ta cika mata ƙirji. Amma a gaban wan miji, a kan 'yar fari, wace mace mai kunya za ta buɗe baki ta ce tana so? Sai ta faɗi abin da ta taso ta ji ana faɗa.

"Ai taku ce, Alhaji."

A saninta haka ake yi. Uwa ta ce taku ce, sai wata tsohuwa ta karɓe zancen ta ce a'a, a bar yarinya ta ƙara wayo tukuna, shi ke nan kowa ya fita kunyar kowa. Abin da Barira ba ta lura da shi ba, tsohuwar da za ta faɗi haka surukarta ce, ita kuwa ƙasa ta riga ta rufe mata ido. Ba wadda ta karɓe zancen. Kafin la'asar an ɗaure kayan Ummi, mota ta tashi.

Barira ta rame, ta koma kamar ba ita ba. Ta yi ta aike birni a roƙar mata Alhaji, amsarsa kullum ɗaya: da bakinta ta ba shi, a gaban mutane. Liman ya ce ta yi haƙuri. Da haƙurin ya ƙi ci, wata maƙwabciya ta ce mata ai shari'a uwa take ba riƙon 'ya mace, ta je kotu kawai. Barira ta ɗauka in ta je ta tsaya, alƙali zai dube ta ya gane. Ta tafi ita kaɗai ta kai ƙara.

Ranar zama, ga Alhaji, ga baffan mijinta tsoho da sandarsa, ga sauran mazan gidan sun cika benci.

Alƙali ya ce, "Mene ne sunan yarinyar da kike nema?"

Barira ta sunkuyar da kai. Alhaji ne ya amsa. Alƙali ya sake juyowa gare ta.

"An ce kin ce tasu ce. Gaskiya ne?"

"Na faɗa."

"Wani ya tilasta miki?"

"A'a."

"To yanzu me kike so kotu ta yi miki?"

Ta ɗago ta ga idon tsohon nan a kanta. Ta ce, "Duk yadda manya suka gani."

Alƙalin Bahaushe ne, ya san abin da ke gabansa. Ya sake tambaya, ya kuma sakewa da taushin murya, amsar ba ta canja ba. Ya nisa ya ce, "Baiwar Allah, ke kika kawo ƙara. Shari'a ta ba uwa riƙo, amma in uwa ta bari da kanta, ni ba zan ɗora mata dole ba." Ya kori ƙarar.

Barira ta fito ba ta ma san an gama ba. Ta tsaya bakin ƙofa har mutane suka watse, sannan ta tambayi masinjan kotu, "Malam, yaushe za a miƙo mini ita?" Da ya yi mata bayani, sai ta zauna a ƙasa. Ita dai ta san abin da aka yabe ta a kansa duk tsawon aurenta shi ta yi a gaban alƙali. Yaya aka yi abin yabo ya zama shi ne ya raba ta da 'yarta? Gidan gandu kuma zama ya gagara, don wadda ta kai babban gida kotu ba ta da fuskar shan ruwa a randarsu. Ta ɗaure kayanta, ta zama yau nan gobe can.

A nan ne mata uku suka shigo maganar.

Ta farko yayarta ce, Tasalla, uwa ɗaya uba ɗaya, mai sayar da abinci a bakin tashar mota a birni. Ita bakinta ba ya mutuwa. Da ta ji labari ta tafa hannu ta ce, "Ke dai Allah ya yi ki da sanyin jiki! Tashi mu tafi." Ta ja ta wurin mai unguwa, ya ce maganar ta fi ƙarfinsa. Suka je fadar hakimi, aka ce abin da kotu ta yanke ba mai warware shi sai kotu. Suka je wurin 'yan sanda, aka ce wannan sha'anin iyali ne. Wani mai zama a bakin kotu ya ce sai sun samo namiji ya yi magana a madadinsu. Wani ya ce a'a, sai dai su je babban birnin jiha. Wata tsohuwa ta ce su koma gida, in yarinya ta girma da ƙafarta za ta nemi uwarta. Duk wanda suka tambaya sai ya faɗi nasa da tabbaci kamar shi ya rubuta dokar. Barira ta kai ba ta iya bambance wanda ya ce a je da wanda ya ce a dawo. Ta ce, "Yaya, mu bar wa Allah." Tasalla ta ce, "Mun bar masa, amma da ƙafafunmu a hanya."

Daga nan duk wanda ya zauna cin abinci a rumfarta, kafin ta zuba masa miya sai ta tambaye shi ko ya san wanda ya san shari'a. Wata malamar makaranta ce ta ba ta labarin wasu lauyoyi mata da ke tsaya wa marasa ƙarfi kyauta. Suka je ofishin aka ce lauyar da ke duba irin wannan ƙara ta tafi zaman kotu a wani gari. Suka koma aka ce ba ta dawo ba. Tasalla ta kife tukwanenta, ta rufe rumfa a ranar kasuwa, ta sa Barira a mota suka bi matar har garin, suka tsare ta a gindin bishiya tana shirin shiga motarta. Sunanta Barista Na'ima. Ta saurare su a tsaye, ta tambayi ranar da aka yanke hukunci, sai ta dafe kai. Ta ce ɗaukaka ƙara yana da wa'adi, kuma nasu ya zo gab da cika. Da sun ƙara jinkiri kaɗan, da ƙofa ta rufe har abada. Ta shigar da ƙarar a kan lokaci, babbar kotu ta yarda a sake sauraron maganar daga farko a gaban wani alƙali.

Amma lauyar ta gaya musu gaskiya. Ta ce, "Ni zan iya faɗin abin da shari'a ta ce, amma abu biyu ba su hannuna. Sai an samu wanda zai shaida cewa ba da zuciya ɗaya ta bayar ba, kuma ba ta daina nema ba. Sannan sai ita da bakinta ta faɗa wa alƙali 'yarta ce, tana son ta. In ɗaya ya faɗi, mun faɗi."

Ta biyu ƙanwar mijinta ce, Kubura, wadda ke aure a wani ƙauye kusa da nasu. Duk waɗanda suka san abin da ya faru dangin miji ne, kuma a cikinsu ita ce Barira ta riƙa aikawa wurin Alhaji. Tun ranar da aka kawo Barira gidan suke wasa. Ko da Barira ta je mata da wannan magana, Kubura ba ta fasa tsokana ba. Ta ce, "Iye, matarmu an waye! Har da lauya? Mu da muka biya sadaki yanzu mu za a ɗaure?" Sai ta ga fuskar Barira, ta bar dariya.

Abin da ake nema a wurinta ba ƙarami ba ne. Alhaji Sabi'u shi ya riƙe ta bayan rasuwar ubansu, shi ya yi mata kayan ɗaki, shi take zuwa wurinsa in ita da mijinta sun saɓa. Da ya ji ƙishin-ƙishin, ya aiko mata cewa in ta tsaya a kotu ta ba da shaida a kansa, to kada ƙafarta ta sake taka gidansa. Mijinta ya ce ba ruwanta, ta zauna lafiya. 'Yan'uwanta mata suka zo suka yi mata taron dangi, suka ce za ta zubar musu da mutunci saboda bare. Kubura ta ce, "Bare ce ta haifa muku Ummi?" Ta yi kukanta ta share hawaye, ta aika wa lauya cewa za ta zo.

Ta uku aminiyarta ce tun suna 'yan mata, Delu mai kitso, mace ƙatuwa mai faɗin kafaɗa da yawan raha. Ita ta ɗauki aikin da kowa ya ce ba zai yiwu ba, wato buɗe bakin Barira. Lauya ta gwada a ofis ta kasa. Tasalla ta gwada da faɗa, abin ya ƙara lalacewa. Delu ta ce a bar mata. Ta zaunar da ita ta tsefe mata kai, ta danna kan tsakanin gwiwoyinta kamar yadda ake yi in ana kitson ƙeya, ta kitsa rabi ta tsaya.

"Faɗi sunan."

"Haba Delu, sunan Inna ne fa."

"Inna tana kabari, Allah ya jiƙanta, ba ta ji. Faɗi, ko wallahi in sake ki haka ki bi gari, rabi amarya rabi mahaukaciya."

Barira ta yi dariyar da ta daɗe ba ta yi ba, a cikin dariyar sunan ya kuɓuce mata, can ƙasa-ƙasa, sai ta fashe da kuka. Daga ranar Delu ba ta bar ta ta huta ba. Ta sa ta ta riƙa faɗa a cikin bakin tulu. Ta sa ta faɗa wa akuya. Ta sa ta faɗa a gaban matan da suka zo kitso. Amma da Delu ta kira mijinta ya tsaya a ƙofa, sai Barira ta koma bebiya. Aka sake gwadawa, haka. A nan Delu ta gane abin da lauya da Tasalla ba su gane ba: sunan ya riga ya sauka a harshen Barira, idon maza manya ne ke mayar da shi. Ba ta gaya wa kowa abin da ta ƙudura ba.

Ranar zama ta zo. An kawo Ummi, tana zaune kusa da matar Alhaji da sabuwar riga. Barista Na'ima ta yi bayaninta, sannan aka kira Kubura. Ta tsaya ba ta dubi wanta ba. Ta faɗi yadda ta tarar da Barira a bayan rumbu ranar da mota ta tashi, ta cusa fuska a tsohuwar rigar yarinyar don kada a ji kukanta. Ta faɗi yadda ta riƙa kai saƙon roƙo birni tana dawowa hannu biyu. Alƙali ya juya ga Alhaji ya ce, "An kawo maka waɗannan saƙonni?" Alhaji ya dubi ƙanwarsa. Mutum ne mai tsoron rantsuwa. Ya ce, "An kawo, Allah ya gafarta Malam."

Sai aka kira Barira. Tana miƙewa idonta ya faɗa kan bencin surukai. Alƙali ya tambayi sunan yarinyar, ta buɗe baki ba abin da ya fito. Nan take Delu ta tashi tsam daga wurin zamanta, ta zo ta tsaya tsakanin Barira da bencin, ta ware mayafinta da hannu biyu kamar mai shanya. Masinja ya daka mata tsawa ta zauna.

Ta ce, "Ƙafata ce ta sage, Allah ya gafarta Malam. In na zauna yanzu, sai dai a kira mutum huɗu su ɗaga ni."

Aka yi dariya. Alƙali ya dubi mayafin, ya dubi Barira, ya ce wa masinja ya ƙyale ta. Barira ba ta ganin kowa sai bayan Delu. Ta ce, "Sunanta Safara'u. Ni na haife ta. Ban bayar ba, kunya na ji. Ina son abata."

Yarinyar ta waiwaya tana neman wanda ya kira ta, don ta san muryar, ta san sunan, amma ba ta taɓa jin su a haɗe ba.

Alƙali ya yanke cewa riƙo ya koma hannun uwa. Alhaji yana nan a matsayin uba, shi zai ci gaba da ɗaukar nauyin karatu, kuma yarinya za ta riƙa zuwa masa hutu. Har an fara hamdala sai Alhaji ya ɗaga hannu. Ya ce, "Na ji na bi. Amma 'yar ƙanena ce. Ina za a kai ta? Uwar ba ta da gida, yau tana nan gobe tana can."

Alƙali ya ce wannan tambaya tana kan hanya. Ba zai miƙa marainiya ga yawo ba. Sai an faɗa masa gida ɗaya tabbatacce inda uwa da 'ya za su zauna, kuma mai gidan ita kotu za ta riƙa nema in wani abu ya taso. In babu, yarinya ta ci gaba da zama inda take har a samu.

Bai rufe baki ba mata uku suka miƙe lokaci ɗaya.

Tasalla ta ce, "Gidana mana, ana ma tambaya? Nono ɗaya muka sha. Ni na rufe rumfata na bi gari gari har na samo lauya. Ba don ni ba, da wa'adi ya wuce tana zaune tana tambayar masinja. Wace shaida za a bayar, wane suna za a faɗa, a shari'ar da ba a buɗe ba? In ta wuce gidana ta tafi na wasu, me zan ce wa iyayenmu ranar da muka haɗu?"

Kubura ta ce, "Ke rumfa kika rufe, gobe za ki buɗe. Ni gidan wana na rufe wa kaina, ban san ranar buɗe shi ba. Lauyar da kika samo da bakinta ta ce in ba shaida an faɗi, kuma duk duniya ba mai ba da ita sai ni. In suka zauna wurina, Ummi ba ta fita daga jinin ubanta ba, wataƙila ma ita ce za ta sa Yaya ya sake kallona. In kuwa aka tafi da ita wani wuri, na rasa wa, na rasa 'ya, to me na tsira da shi?"

Delu ta naɗe mayafinta ta ce, "Ku yi ta lissafi. An samo lauya, an samo shaida, sannan aka tambaye ta suna ta tsaya tana kallon ƙasa, duk kun gani da idonku. Da haka za a sake korar ta kamar wancan karon. Ni na ciro maganar daga cikinta. Kuma ɗakina a Kwarin Tsamiya yake, inda aka binne cibiyar yarinyar, inda ƙawayenta suke. Ni ba jini na haɗa da su ba, ba wanda zai zage ni da na zauna a gida, amma na zo."

Barira ta dubi yayarta, ta dubi ƙanwar mijinta, ta dubi aminiyarta. Duk wadda ta kalla sai ta ga gaskiyarta ta fi, har sai ta kalli ta gaba. Ta dubi lauya, lauya ta ce wannan ba ya cikin littafin shari'a. Ga Ummi ta sauko daga benci ta tsaya a tsakiyar kotu, tana jiran a nuna mata inda za ta nufa. Alƙali ya ɗauki alƙalami ya ce, "Suna ɗaya nake jira."

To jama'a, ga Tasalla da ta buɗe ƙofar shari'a, ga Kubura da ta sayar da zumuncinta ta sayi gaskiya, ga Delu da ta buɗe bakin mai ƙara. Da ku ne Barira, sunan wa za ku ba alƙali? Wace ce a cikinsu ta fi cancanta a kai mata Ummi da uwarta?